Allurar Tela

Shekara ashirin ina zura zare a kafar allura,
ko magariba ta kawo jiki ban nemi fitila ba.
Wata Laraba, salla saura kwana tara,
na ɗaga zare, sai kafar ta zama biyu.
Na zura ta hagu, iska.
Na zura ta dama, ita ma iska.

Sai ƙafata ta yi barci a kan feda,
keke na kuka, ban san ni nake takawa ba.
Kawu Jatau ya ce sammu ne, wani ke baƙin cikin shagona.
Na sha rubutu, na sha saiwa,
na yi turare har ya babbake min gashin baki.

A asibitin Malam suka tura ni cikin bututu mai ƙara,
likita ta faɗi suna mai tsawon igiyar guga.
Ɗan rakiyata ya tsinci "sikila" a ciki ya kai gida,
har yau rabin Kyarama jajen sikila suke mini.
Ita kuwa cewa ta yi: Ka san wayar wuta
da robar da ke lulluɓe da ita?
Dakarun jikinka ne suka rikice,
suna gaigayar taka kamar ɓera.
Wannan magani zai lallashe su.
Kada ka haɗa shi da wani sai ka tambaya.

Mato mai kemis ya ƙulla min haɗi a leda,
ja biyu, fari uku, babu kwali babu suna.
Ya ce ko jaki ya sha sai ya yi sukuwa.
Na biya don kunya, na zuba a masai.
Nawa yana gwangwani bayan randa, inda bazara ba ta kaiwa,
Hansai na jan layi da gawayi a bango duk ranar da na haɗiya.

Ranar kasuwa sai ga masu rigakafi,
akwatin ƙanƙara ɗaure a bayan babur,
suka kafa benci a gindin darbejiyar firamare.
Sanƙarau da shawara, in ji mai shela.
Kawu ya tare ni a zaure: Allura ce ta kassara ka tun farko,
ƙara wata mu kwaso ka a amalanke.
Mai unguwa ya aiko: Kowa da kowa, ban da gardama.
Ni kuwa duka biyun nake tsoro,
ciwon da ke jikina da wanda ke bisa hanya.

Na hau tudun bayan masallaci inda waya ke kamawa,
katin ɗari biyu, sau uku tana katsewa.
Ta ce: Ta sanƙarau miƙa hannu, babu rai a cikinta.
Ta shawara ƙwayarta raunana ta aka yi, ba ta mutu ba,
dakarunka kuwa maganina ya sa su gyangyaɗi.
Dakata tukuna. Kwana cikin gidan sauro.
Nuna musu takarda.

Na bi layi da sandata tsakanin yara masu kuka.
Malama Tabawa ta karanta takardar sau biyu,
ta soka ɗaya, ta mayar da ɗayar cikin ƙanƙara.
Kawu ya ce na ci amana.
Mai unguwa ya ce rabin biyayya.
Damtse ya yi tsami kwana biyu,
ina tsungulin ƙafa cikin dare ina jiran ta mutu.
Tana nan yadda take, ba gaba ba baya.

Keken na rufe da zane, na koma ɗinkin hannu.
Ladidi ke zura min zare kafin ta tafi makaranta,
allura biyar a jikin labule, kowace da launinta.
In sun ƙare kafin azahar sai in zauna jiranta,
ina juya rigar da Kawu ya ajiye a gyara mata wuya.
Bai ce komai ba da ya kawo.
Ni ma ban ce ba.